Yadda ake shiga kiɗan jaz mai gamin fank: faifan da za a fara da shi, da abin da za a kasa wa kunne

Mutane da yawa sun gwada jaz ɗin shekarun 1970 sun bar shi tun a ranar farko. Yawanci abin da ke faruwa shi ne a ce wa mutum Bitches Brew na Miles Davis ne uban tafiyar, ya kunna shi a lasifikar waya, ya ji minti 20 babu waƙa babu amshi, ya kashe. Kiɗan nan daga ƙasa ake gina shi, daga bes da ganga, don haka daga nan ya kamata kunne ya fara, kuma akwai jerin da in an bi shi kowane faifai zai buɗe wa na gaba ƙofa.

Ga asalin abin a taƙaice. A ƙarshen shekarun 1960 matasan Amurka sun koma ga James Brown da Sly Stone da Jimi Hendrix, gidajen jaz suna ta rufewa. Sai wasu makaɗan jaz suka ɗauki kayan kiɗa masu amfani da lantarki, suka canza abu biyu. A tsohon jaz mai bes yana tafiya ne, kowane bugu da sabon sauti, a sabon kuwa yana kama gajeren layi ɗaya ya yi ta maimaita shi. Sannan tsohon jaz yana sauya haɗin sautuka, wato kod, kusan kowane zagaye, sabon kuma yakan zauna a kan kod ɗaya ko biyu na tsawon minti goma. Abin da bai canza ba shi ne ƙirƙira nan take: mai busa ko mai fiyano yana tsara abin da yake kaɗawa ne a daidai lokacin da kake jin sa. Wannan gamin shi ake kira fiyushan, reshensa mai nauyin rawa kuma jaz-fank.

Mataki na farko: gyara abin sauraro

Igiya mafi kauri a jitar bes tana girgiza sau 41 a daƙiƙa ɗaya. Lasifikar waya ba ta iya fitar da wannan sauti ko kusa da shi, saboda haka abin da ke riƙe da kiɗan gaba ɗaya ba ya isowa kunnenka, sai ƙarar faranti da ƙaho kawai. Nemi iyafis mai toshe kunne sosai ko babbar lasifika, ka sa kunnuwan biyu. Faya-fayan wancan zamani an raba makaɗa ne hagu da dama, wanda ya sa kunne ɗaya ya zubar da rabin ƙungiya. Duba saitin wayarka ka tabbata ba a haɗe sautin wuri ɗaya ba. Ka kashe maɓallin ƙara bes idan akwai shi, domin yana kumbura sautin har ka kasa rarrabe gangar ƙafa da jitar bes, alhali rarrabe su shi ne aikinka na farko.

Ka kuma duba tsawon abin da ka sauke. Chameleon na Herbie Hancock minti 15 ne da daƙiƙa 41 a faifai. Akwai guntun da aka yanke don rediyo, kuma an datse masa duk inda makaɗan suka saki jiki. In ka ga minti uku ko huɗu, ba shi ba ne.

Mataki na biyu: nemo "ɗaya"

Kafin ka taɓa jaz, saurari Cold Sweat na James Brown, na 1967. Ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, kana buga ƙafa a ƙasa. Nauyin fank yana sauka ne a kan ɗaya, a nan gangar ƙafa da bes suke haɗuwa. Ƙaramar ganga mai kaifin sauti takan amsa a biyu da huɗu, amma a wannan kiɗa Clyde Stubblefield yana jinkirta ta huɗun da rabin bugu, shi ya sa kake jin kamar an ɗan fizge ka gaba. Pee Wee Ellis, wanda ya tsara busar, ya samo ta ne daga So What na Miles Davis, ka ga tun farko ɓangarorin biyu suna aron juna.

In ka riƙe huɗun, raba kowane bugu gida huɗu da baki: ta-ka-ta-ka, ta-ka-ta-ka. Ka samu gurbi 16 a kowane zagaye. Duk abin da mai ganga da mai bes da mai jita suke yi yana faɗawa ne cikin waɗannan gurabe, kuma gwanintar tana cikin guraben da suka bari wayam. Ka kasa kunne ga ƙananan bugu marasa ƙarfi da mai ganga yake cusawa tsakanin manyan, kamar yana shafar fatar ne kawai. Su ne ke sa kiɗan ya yi motsi. Mai ganga da ba ya yin su, ko da bai kuskure ƙirga ba, kiɗansa a sandare yake.

Mataki na uku: Head Hunters, sau huɗu

Wannan faifai na Herbie Hancock ya fito a 1973, an ɗauke shi a San Francisco, ya kuma sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya. Mutum biyar ne: Hancock a kan fiyano mai lantarki da na'urorin haɗa sauti, Bennie Maupin a busa, Paul Jackson a bes, Harvey Mason a ganguna, Bill Summers a ƙananan kayan bugu. Kiɗa huɗu ne kacal a ciki. Babu wanda ya fi shi dacewa da mai farawa, domin an jera kayan ɗaya bayan ɗaya a gabanka.

A sauraro na farko ka bi bes ɗin Chameleon kaɗai. Wannan sauti mai kauri da ya buɗe kiɗan ba jita ba ne, Hancock ne a kan na'urar ARP Odyssey. Layin sauti 12 ne, shida a kan kod na farko, shida a kan na biyu. A nan kusan kowa yake yin kuskure: yana ɗaukar sautin farko a matsayin ɗaya. Sautuka ukun farko hawa ne, suna taka matakala zuwa sama, na huɗun shi ne ɗaya. In ka fara ƙirga daga sautin farko, lokacin da ganga ta shigo za ka ji kamar ta shigo a karkace, kuma za ka yi ta jin kiɗan a juye har ƙarshe. Mayar da shi baya, bar uku su wuce, buga ƙafa a na huɗu.

A sauraro na biyu ka bi Harvey Mason. Lura da inda yake sa ƙaramar gangar, sau da yawa tana riga inda kake tsammaninta da gurbi ɗaya. Lura kuma cewa saurin kiɗan yana ƙaruwa a hankali yayin da ake tafiya. Ba da na'ura aka ɗaure su ba, mutane ne suke ɗumama tare.

A na uku ka nemi abin da ke yi maka kama da jita mai tsinke-tsinke. Babu mai jita a faifan nan ko ɗaya. Klabinet ce ta kamfanin Hohner, mai madannai irin na fiyano amma da igiyoyi a ciki, kuma Hancock ya ɗora ta ne don ta yi aikin jitar fank.

Sai a na huɗu za ka saurari masu fita su kaɗai. Bayan kamar minti 8 kiɗan yana sauya fuska gaba ɗaya: na'urar ta ja baya, Paul Jackson ya karɓi ƙasa da jitar bes, kod suka yawaita, Hancock ya koma kan Fender Rhodes, wato fiyanonsa mai lantarki. Wannan sashe shi ne zuciyar faifan. A nan za ka ji cewa mutumin da ya shekara biyar a ƙungiyar Miles Davis bai ajiye iliminsa a bakin ƙofa ba. Saurari yadda Jackson ba ya maimaita layinsa daidai sau biyu, kullum yana amsa abin da fiyano ya faɗa.

Watermelon Man da ke biye da shi tsohon kiɗan Hancock ne na 1962 da aka sake wa gini. Fito da ƙananan ihun da ke buɗe shi Bill Summers ne yake hura bakin kwalba, yana kwaikwayon salon hindewhu na mutanen Ba-Benzele na Afirka ta Tsakiya, inda mutum ke musanya muryarsa da busa, ɗaya bayan ɗaya. Fuskar da ke bangon faifan ma an samo ta ne daga abin rufe fuska na ƙabilar Baule ta Kwaddibuwa. In ka samu dama ka saurari na 1962 da na 1973 a jere, za ka fahimci bambancin tsohon jaz da sabo fiye da duk wani bayani.

Mataki na huɗu: sanin kayan da kunne

Fender Rhodes ba shi da igiya, ƙananan guduma ne ke bugun sandunan ƙarfe. In an taɓa shi a hankali yana ƙara kamar ƙararrawa, in an danna da ƙarfi sai ya yi gurnani. Na'urorin haɗa sauti na Minimoog da ARP Odyssey ba sa yin cikakken kod, don haka in ka ji dogon sauti guda yana lanƙwasa sama da ƙasa, ɗayansu ne. Sautin "wa-wa" kuma feda ce da ake takawa da ƙafa, ana sa wa jita da klabinet, Miles Davis ma ya sa wa ƙahonsa. Akwai kuma salon bugun igiyar bes da babban yatsa a fincike ta da manuni, wanda Larry Graham na ƙungiyar Sly Stone ya shahara da shi, Stanley Clarke ya shigo da shi jaz sosai.

Mataki na biyar: reshe mai sauƙi

Daga nan ka ɗan huta da Red Clay na Freddie Hubbard, na 1970, daga kamfanin CTI. Kada minti ɗayan farko ya razana ka, buɗewa ce kawai ba tare da ƙirga ba, sai Ron Carter ya shigo da layin bes komai ya zauna. Bi shi da Black Byrd na Donald Byrd, 1973, wanda 'yan'uwan nan Larry da Fonce Mizell suka tsara, ya kuma zama faifan da kamfanin Blue Note ya fi sayarwa a lokacin. Sai Mister Magic na Grover Washington Jr., 1975, da Everybody Loves the Sunshine na Roy Ayers, 1976. Ayers mai buga bibrafon ne, wato jerin faffaɗan ƙarafa da ake bugawa da sanduna, ya zo Najeriya a 1979 ya zagaya da Fela Kuti, suka fitar da Music of Many Colours a 1980. Wanda kunnensa ya saba da dogayen kiɗan Fela, inda bes ke zama kan layi ɗaya masu busa suna karɓa-karɓa, ya riga ya yi rabin tafiyar nan bai sani ba.

Wannan reshe ne daga baya ya narke ya zama jaz mai laushi na ɗakin jira, kuma akwai hanyar gane inda aka tsallake iyaka. Yayin da mai saksofon yake fita shi kaɗai, bar shi, ka saurari mai ganga da mai bes. In suna ƙara wuta lokacin da ya hau, suna ja baya lokacin da ya sauka, ana hira ke nan, jaz ne. In kuwa suna yin abu ɗaya daga farko har ƙarshe ko mai busa ya yi me, shimfiɗa kawai aka yi masa.

Mataki na shida: Heavy Weather

Weather Report ƙungiyar Joe Zawinul ce, mutumin Ostiriya, da Wayne Shorter, sun kafa ta a 1970. Heavy Weather na 1977 shi ne faifansu da ya fi karɓuwa. A nan sabon abin da za ka koya shi ne bes na iya riƙe waƙar kanta. Jaco Pastorius ya cire ƙananan sandunan ƙarfen da ke wuyan jitarsa, sai yatsa ya samu damar zamewa daga sauti zuwa sauti kamar yadda mai goge yake yi. A farkon Birdland, sauti mai kauri na ƙasa Zawinul ne a kan na'ura, siririn sautin sama da za ka rantse jita ce kuma Jaco ne a kan bes. Matsayinsu a juye yake. A Remark You Made zai nuna maka bes ɗin yana rera waƙa a hankali tare da saksofon ɗin Shorter. A Teen Town kuwa Jaco ne a bes, shi ne kuma a ganguna.

Mataki na bakwai: yanzu ka koma wurin Miles

Da dama daga cikin sunayen da ke sama ta hannun Miles Davis suka bi, amma faya-fayansa suna bukatar kunnen da ya riga ya iya riƙe ƙasa. Ka bi su a wannan jeri.

Fara da In a Silent Way, wanda aka ɗauka a rana ɗaya, 18 ga Fabrairun 1969. Masu madannai uku ne a ciki, Hancock da Chick Corea da Zawinul, ga John McLaughlin a jita, Dave Holland a bes, Tony Williams a ganguna. Williams, wanda aka sani da ruwan bugu, ya shafe kusan dukan gefen farko yana kaɗa faranti biyun nan na ƙafa kawai. Kada ka jira wani abu ya fashe, ka saurari yadda masu madannan suke kauce wa juna. In ka ji ƙarshen kowane gefe ya yi kama da farkonsa, ba kunnenka ba ne: mai tsara faifan, Teo Macero, ya kwafi sashen farko na tef ɗin ya manna shi a ƙarshe. Wannan yanka da manna wani ɓangare ne na aikin, kuma zai ƙaru a gaba.

Na biyu shi ne Jack Johnson na 1971, kiɗan Right Off. Michael Henderson, wanda Miles ya ɗauko daga ƙungiyar Stevie Wonder, shi ke bes, Billy Cobham a ganguna. Sa ido a agogo wajen minti biyu. McLaughlin ya sauya kod ya koma wani, Henderson bai lura ba ya ci gaba a kan na farko, na ɗan lokaci suna wurare biyu daban. A daidai nan Miles ya shigo da ƙaho, ya zaɓi sautin da zai zauna da su duka biyun har mai bes ya gane ya biyo. Ba a goge wannan ba, aka bar shi a faifai. Maimaita wurin sau uku ko huɗu, domin a cikin waɗannan daƙiƙoƙi za ka ji abin da ake nufi da ƙirƙira nan take.

Sai Bitches Brew, da aka ɗauka cikin kwana uku a Agustan 1969, ya fito a 1970. Masu ganguna biyu ne, masu bes biyu, fiyano mai lantarki biyu wani lokaci uku. A nan iyafis biyu ya zama dole: a yawancin kiɗan, Lenny White da Zawinul suna hagu, Jack DeJohnette da Corea suna dama. Kada ka fara daga kiɗan farko. Tsallaka zuwa Miles Runs the Voodoo Down, mai minti 14, domin yana da layin bes a fili da tafiya a hankali. In ka ɓata, koma ga bes, ka nemi ɗaya, sannan ka sake ɗago kai. Sautin nan mai duhu da ke yawo a ƙarƙashi kuwa kilarinet ce babba a bakin Bennie Maupin, wanda ka riga ka sani. Pharaoh's Dance ka bar shi sai ƙarshe, shi ne wanda Macero ya fi yayyankawa.

On the Corner na 1972 shi ne mafi tsauri. Masu sharhi sun yi masa kaca-kaca da ya fito, sai bayan shekaru aka dawo ana yabonsa. Akwai tabla da sitar na Indiya a ciki, kuma kusan babu wanda ke gaba babu wanda ke baya, kowa ganga ne har ƙahon. Minti biyar a zama ɗaya ya isa da farko.

Mataki na takwas: ƙirgar da ba huɗu ba

Reshen rok na wannan kiɗa yana da sauri da ƙara, kuma a nan ƙirgar huɗu take daina aiki. Gadar shiga ita ce Spectrum na Billy Cobham, 1973, musamman Stratus, inda Lee Sklar yake riƙe layin bes ɗaya ba ya gezau, Cobham da mai jita Tommy Bolin suna ta barin wuta a kansa. Daga nan ka wuce The Inner Mounting Flame na Mahavishnu Orchestra, 1971, ƙungiyar McLaughlin mai jita da gogen Turawa da madannai. Vital Transformation bugu tara ne a zagaye. Kada ka ƙirga ɗaya zuwa tara, saurin ba zai bar ka ba. Raba shi: ɗaya-biyu, ɗaya-biyu, ɗaya-biyu, ɗaya-biyu-uku, kana tafa hannu a kowane ɗaya. Yi shi da baki a hankali ba tare da kiɗa ba har ya zauna, sannan ka kunna. Duk wata baƙuwar ƙirga haka ake warware ta, a farfasa ta zuwa biyu-biyu da uku-uku.

Return to Forever ta Chick Corea da Stanley Clarke fuska biyu gare ta. Light as a Feather na 1973 mai iskar Birazil ne, da muryar Flora Purim da sarewar Joe Farrell, a cikinsa Spain yake. Romantic Warrior na 1976, da Al Di Meola a jita, an tsara shi tsaf kuma gudun yatsu ya yi yawa. Akwai gwaninta a ciki ba shakka, amma a wannan reshe ne sauri ya fi yawan cinye hira tsakanin makaɗa, don haka na farkon ya fi cancantar lokacinka.

Mataki na tara: bi sunaye

In wani faifai ya kama ka, kada ka tsaya a sunan da ke gaban bango. Nemo jerin makaɗan, ka ga wa ke ganga wa ke bes, ka bi su. Harvey Mason yana Black Byrd, yana Head Hunters, yana Mister Magic. Lenny White yana da shekara 19 ya buga a Bitches Brew, bayan 'yan watanni ya buga a Red Clay, daga baya ya zauna a Return to Forever. Ka kuma guji manyan tarin da ke ɗauke da duk abin da aka ɗauka a sutudiyo har sai ka san ainihin faifan, domin a cikinsu akwai gwaje-gwajen da makaɗan da kansu suka ajiye gefe.

Gwajin kunnenka shi ne Thrust, faifan Hancock na 1974. Ƙungiyar Head Hunters ce, sai dai Mike Clark ya maye gurbin Mason. Kunna Actual Proof ka nemi ɗaya. Clark da Paul Jackson suna zagaye shi ne, da wuya su taka shi a fili, kuma akwai wuraren da zagayen ke canza tsawo. In ƙafarka ta ɓace, jira jigon busar ya dawo, ka kama daga nan.